Kwana Huɗu a Masar: Dalolin Alƙahira ko Kaburburan Luksor?

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Masar ba yawon buɗe ido ne ke kai su ba. Wani ya rako mara lafiya asibiti, wani ya zo duba ɗansa da ke karatu a Azhar, wani sari ya kawo shi. Sai hidima ta ƙare, a duba tikitin komawa a ga saura kwana huɗu ko biyar, mutum ya ce bari dai kafin ya tafi ya ga abin da Fir'aunoni suka bari. A nan ake tsayawa tunani: a zauna a Alƙahira a zaga dalolin da ke bakin gari, ko a niƙi gari a yi kudu zuwa Luksor, inda manyan wuraren bautarsu da kaburburan sarakunansu suke?

Na je duka biyun, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta fi karkata ga Luksor. Amma akwai mutanen da idan na ce su je can na cuce su, shi ya sa gara in shimfiɗa maganar dalla-dalla.

Da farko, wuraren nan biyu ba abu ɗaya ba ne da aka raba gida biyu. Zamani ne daban-daban. An gina babbar dalar Giza, ta sarki Khufu, wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Luksor kuwa ta yi tashenta ne tsakanin 1550 da 1070 kafin haihuwar tasa, lokacin da ta zama cibiyar mulki da addinin ƙasar. Sa'ad da Ramsis na Biyu ya hau gado a 1279, dalar Khufu ta riga ta haura shekara 1,200 a tsaye, wato kusan tazarar da ke tsakaninmu da zamanin Haruna Rashid. Don haka wanda ya tsaya a gindin dala yana cewa "ga aikin Fir'aunan Annabi Musa" ya haɗa zamani biyu da ba su ga juna ba, domin sarakunan da masu bincike suka fi ambata a wannan batu, Ramsis na Biyu da ɗansa Mernefta, mutanen zamanin Luksor ne. Sarakunan baya sun daina gina dala, suka koma haƙa kaburbura cikin duwatsu a wani kwari, suna neman ɓoye wa ɓarayi abin da dala take tallatawa. Dabarar ba ta yi wani tasiri ba, kusan duk an wawashe su, amma ita ta bar mana abin kallon da ke Luksor.

Abin da Alƙahira ta fi shi ne sauƙi. Giza tana manne da gari, har akwai gidajen cin abincin da kana zaune kana hango dala ta taga. Ka ce wa direba "Ahram" ya gane. Kada ka tsorata in ka ji suna kiran dala ɗaya "haram", ba haramun ɗin da ka sani ba ne, harafin farko ya bambanta. Duk hoton da ka taɓa gani bai shirya ka ba. Dalar Khufu ta kai mita 146 a da, yanzu ta rage zuwa kimanin 138 saboda an ɓamɓare fararen duwatsun da suka lulluɓe ta an yi gine-gine da su, kuma an ƙiyasta tubalan dutsen da ke jikinta sun kai miliyan 2.3. Layin ƙasa kaɗai, dutse ɗaya ya kai wa babban mutum ƙirji. Mu da muka tashi da labarin dalar gyaɗa a Kano, a nan muke gane inda sunan ya dace. Gefe guda ga dalar Khafre da ta Menkaure, ga kuma Abul Haul, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, tsawonsa mita 73, an sassaƙe shi daga dutse guda.

Sai dai mamakin Giza na waje ne. Cikin dalar Khufu, in gaskiya za a faɗa, ba wani abin a zo a gani. Kuɗin shiga daban ne, ana bi ta wani rami da ake cewa mutanen Halifa Ma'amun suka fasa a ƙarni na 9. Za ka hau wani siririn lungu a duƙe, masu saukowa suna gogar kafaɗarka, iska ta yi nauyi da numfashin jama'a, sannan ka fito wani dogon zaure mai hawa, mita 47, wanda shi kam ginin ya isa a jinjina masa. A ƙarshe ɗaki ne na jan dutse da aka ɗauko tun daga Aswan, fiye da kilomita 800, babu rubutu, babu zane, sai akwatin dutse guda ba murfi, wayam. Wani dattijo da muka hau tare, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya dube ni yana haki ya ce, "Yanzu Malam, wannan kwamin muka biya kuɗi mu gani?" Ban sami abin ce masa ba. Mai ciwon gwiwa, mai hawan jini, da wanda ƙuntataccen wuri ke firgita shi, su haƙura da shiga, ba su yi asarar komai ba.

Ga kuma masu raƙuma da dawaki da 'yan tallar tsaraba. An gyara tsarin shiga a 2025, an sa motocin bas suna zagawa da mutane, abin ya ɗan yi sauƙi, amma ƙa'idar ba ta canza ba: kada ka hau dabba sai kun yanke kuɗi, na zuwa da dawowa, kuma ka ji da kunnenka fam ɗin Masar ake nufi. Wanda ya miƙo maka abu ya ce kyauta ne, ba kyauta ba ne. "La, shukran" ba tare da ka rage tafiya ba ta fi dogon bayani aiki.

Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su ɗauka Giza ita ce duka abin da Alƙahira take da shi. Kimanin kilomita 30 kudu akwai Saƙƙara, kuma a wurina ta fi Giza daɗin yini. A can dalar sarki Joser take, mai hawa shida kamar an ɗora faifai kan faifai, ita ce uwar dalolin duka, an sake buɗe ta a 2020 bayan gyaran shekara 14. A can kuma ƙaramar dalar Unas take, wadda daga waje kamar tsibin ƙasa, amma bangon cikinta cike yake da rubutu daga sama har ƙasa. Abin da ya fi riƙe ni shi ne kaburburan manyan fadawa, irin na Ti da Kagemni da Mereruka, domin su ba yaƙi ko gumaka suka fi zanawa ba, rayuwar yau da kullum ce. A kabarin Ti akwai makiyayi yana ƙetare ruwa da ɗan maraƙi a bayansa, maraƙin ya waiwayo yana kallon uwarsa, uwar ta ɗaga kai tana biye, sauran shanun na bin ta. Duk wanda ya taɓa ganin Fulani sun zo fito da garke ya san wannan dabara. A na Mereruka kuwa har kuraye za ka gani an kwantar da su rigingine, an ɗaure ƙafafu ana ɗura musu abinci. Na tsaya na yi ta dariya ni kaɗai, ina tuna gardawan garinmu. Kafin ka bar Saƙƙara ka leƙa ramin da ake kira Serafiyum, inda suke binne bijiman da suke bautawa cikin akwatunan dutse masu nauyin tan gommai.

In da sauran ƙarfi, Dahshur na gaba kaɗan. A nan Sneferu, mahaifin Khufu, ya yi koyon hannu: dala ɗaya an faro ta da tsayuwa sosai, aka ga za ta ba da matsala, aka karya kusurwar a tsakiya, ta fito a tanƙware. Ta biyun, ja, ita ce ta farko da ta fito sumul. Babu cunkoso, babu masu talla. Na shiga jar, gangaren kimanin mita 60 a duƙe da baya da baya, ciki na warin da ke yaji a hanci. Kwana biyu bayan nan, tasowa daga sujada sai da dafa ƙasa.

Sai gidajen tarihi, kuma a nan Alƙahira ta yi wa Luksor fintinkau. Sabon babban gidan tarihin da ke kusa da dalolin, wanda aka buɗe a hukumance ranar 1 ga Nuwamba 2025, ya tattara kayan kabarin Tutankhamun, sarkin da ya mutu yana matashi, sama da 5,000 wuri guda, ga gunkin Ramsis na Biyu mai tsayin mita 11 yana tarbar mutum a zauren shiga. Gawarwakin sarakunan kuwa suna wani gidan daban a unguwar Fusɗaɗ, inda aka kai su su 22 a watan Afrilun 2021. Ramsis na Biyu yana can, da gashinsa da ƙugiyar hancinsa, Mernefta ma yana can. An hana ɗaukar hoto, ɗakin duhu-duhu, mutane da kansu suke rage murya. Na san da yawa daga cikinmu wannan ɗakin kaɗai suke so su gani, saboda ayar nan ta Suratu Yunus da ta yi maganar tsirar da gawar Fir'auna. In kai ma haka ne, magana ta ƙare, zauna a Alƙahira. Masu bincike dai ba su haɗu a kan wane ne daga ciki Fir'aunan Annabi Musa ba, kome ɗan jagora zai rantse maka.

To me ya sa duk da haka nake cewa Luksor?

Saboda a Alƙahira girman aikinsu kake gani, a Luksor kuwa su kansu kake gani: abin da suke tsoro, abin da suke fata bayan mutuwa, yadda suke yi wa kansu kirari. Kuma garin ƙarami ne, Kogin Nilu ya raba shi biyu. Gabas, mafitar rana, nan gari da wuraren bauta suke. Yamma, mafaɗarta, nan suka ajiye matattu. Ba cunkoson motocin Alƙahira da zai cinye maka awa biyu tsakanin wuri da wuri. Da 'yan canji za ka shiga jirgin fito tare da 'yan makaranta da mata masu kwanduna, minti kaɗan ka sauka ɗaya gaɓar.

Karnak, a gabas, ba gini ɗaya ba ne. Kusan shekara 2,000 sarakuna suna ta ƙari a kai, kowa na so ya shafe na gabansa. Tsakiyarsa akwai zaure mai ginshiƙai 134, goma sha biyun tsakiya kowanne ya kai mita 21, kaurinsa kuwa sai mutane da yawa sun kama hannu kafin su zagaye shi. An wanke ƙurar da ta rufe su a 'yan shekarun nan, launukan asali sun fito, shuɗi da rawaya da ja. Ka je da buɗe ƙofa, kafin motocin 'yan yawon da ke zuwa daga bakin Bahar Maliya su iso, ka tsaya a cikin ginshiƙan nan kai kaɗai. Ni wannan rabin awar ta fi mini duk yinin da na yi a Giza. Can gaba akwai dogon dutsen sarauniya Hatshefsut mai tsini, kusan mita 30, guda ɗaya ba haɗi. Daga Karnak wata hanya mai kilomita 2.7, da gumaka jere dama da hagu, ta miƙe har wurin bauta na biyu a tsakiyar gari. An sake buɗe ta a Nuwamban 2021.

Wannan na biyun ka bar shi sai la'asar sakaliya. A ƙofarsa za ka ga dogon dutse ɗaya a hagu, gurbin ɗan'uwansa a dama ba kowa, domin an ba Faransa shi, tun 1836 yake tsaye a wani dandali a birnin Faris. Abin da ya fi ba ni mamaki a nan shi ne masallacin Abul Hajjaj, wanda aka gina a kan ginin Fir'auna lokacin da ƙasa ta binne shi. Da aka tone, sai tsohuwar ƙofar masallacin ta koma can sama tana reto. Har gobe ana salla a ciki. Ina tsaye tsakanin gumakan Ramsis, fitilu sun fara kamawa, sai ladan ya ɗaga murya a saman kaina yana kiran magariba. Na zagaya ta ƙofar waje na bi jam'i.

Yamma ita ce ke cin lokaci da kuɗi, kuma ita ke bukatar tsari. Kwarin Sarakuna yana da kaburbura sama da 60, amma ba duka ake buɗewa ba, kuma tikitin shiga na kabari uku ne kacal, mai gadi yana huda shi a kowace ƙofa. Wasu kaburburan kuɗinsu daban. Kowa na rububin na Tutankhamun saboda suna, tun da wani Bature mai binciken kayan tarihi, Howard Carter, ya gano shi a Nuwamban 1922 da dukiyarsa kusan cif. Amma ƙaramin kabari ne, kayan duk suna Alƙahira, sai gawar yaron da aka bari a ciki. In kuɗin ƙari na kabari ɗaya gare ka, sa shi a na Ramsis na Biyar da na Shida: doguwar hanya ce mai gangara a hankali, ba duƙawa, bango da rufi duk zane, har ka isa ɗakin ƙarshe inda aka zana sararin sama a siffar mace ta miƙe daga wannan bango zuwa wancan tana haɗiye rana. Na Seti na Ɗaya, mahaifin Ramsis na Biyu, ya fi kowanne kyawun aiki, tsawonsa ya kai mita 137, amma tikitinsa ya ninka na shiga kwarin fiye da sau biyu. A cikin ukun da tikitinka ya ba ka, in na Mernefta a buɗe yake, shiga. Akwai wani abu a ganin ramin da mutum ya shekara yana tanadar wa kansa, alhali gawarsa tana kwance cikin gilashi a wani gari ana kallo.

Wurin bautar Hatshefsut da ke jingine da tsauni yana da kyau a hoto, amma ba inuwa, awa ɗaya ta ishe shi. Wasu manyan gumaka biyu na bakin hanya da ake kira Memnon, masu tsayin mita 18, minti goma ne. Inda zan ce ka daɗe shi ne wurare biyu da yawancin motocin 'yan yawo ke wucewa. Madinat Habu, na Ramsis na Uku, an sassaƙa rubutunsa da zurfi har hannu na shiga, ga zanen marubuta suna ƙirga tulin hannayen abokan gaba da aka sare bayan yaƙi. Sai Dairul Madina, ƙauyen ma'aikatan da suka haƙa kaburburan sarakuna. Gidajensu na nan ƙanana, jere a lungu ɗaya, ka ga zaure, ka ga madafa. A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku aka yi jinkirin ba su hatsin da shi ne albashinsu, suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a bakin wuraren bauta suna cewa yunwa suke ji. Shi ne yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Ma'aikacin gwamnati daga gida zai ji kamar ya haɗu da dangi. Kaburburansu ƙanana ne, matakalar na da tsayi, amma launin na Sennejem kamar jiya aka shafa.

Yanzu wahalar. Tsakanin Alƙahira da Luksor ya haura kilomita 600. Jirgin sama awa ɗaya ne, jirgin ƙasa mai gado kuwa kwana ake yi, wajen awa goma, kuma baƙo ba ya biyan kuɗin ɗan ƙasa. Ga masauki na biyu, ga tikitoci da yawa, kowane wuri da nasa, ga "bakshish", na goron masu gadi, wanda ba ya ƙarewa. Masu keken doki da suke kira hanɗur da masu jirgin ruwa sun fi na Giza naci, domin garin ba shi da wata sana'a babba sai baƙi. Sai zafi. Kada ka ce kai ɗan Sakkwato ne ko Maiduguri. Daga Mayu zuwa Satumba ma'auni na haura 40, kuma a cikin kwarin nan duwatsu ne ke mayar maka da zafin ta ko'ina, ba bishiya ko ɗaya. Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa, da safe har sai ka nemi rigar sanyi. Da bazara Alƙahira ta fi sauƙin jurewa.

Saboda haka in kana tare da wanda aka sallamo daga asibiti, ko tsoho, ko ƙananan yara, ko kwanakin da suka rage maka ba su wuce uku ba, ko aljihu ya riga ya sha wuya, kada ka ja kowa zuwa Luksor. Yini ɗaya Giza da sabon gidan tarihi, yini ɗaya Saƙƙara da Dahshur, rabin yini Fusɗaɗ, kuma masallacin Amru ɗan Asi na nan kusa. Ba ka yi asara ba. Wanda kuma zuciyarsa ke ɗar-ɗar da shiga kaburbura da wuraren gumaka ta fuskar addini, ya tambayi malaminsa tun kafin ya sayi tikiti, domin a Giza yana iya tsayawa daga waje ya yi kallonsa, Luksor kuwa kusan dukanta shiga ciki ne.

Amma in kai kaɗai ne ko da abokin tafiya mai ƙafa, kwana huɗu cur a hannu, ga yadda zan yi. Safiyar farko Giza, daga waje kawai, da rana gawarwakin Fusɗaɗ, da dare jirgi zuwa kudu. Kwana na biyu Karnak da sassafe, a huta da rana, wurin bautar tsakiyar gari da yamma. Na uku Kwarin Sarakuna da Hatshefsut. Safiyar na huɗu Madinat Habu da ƙauyen ma'aikata, sannan a juyo. Za ka rasa Saƙƙara, kuma zan ji maka zafin haka.

Za a yi ta zuga ka cewa tunda ka zo Luksor ka ƙarasa Aswan da Abu Simbel. Wurare ne na gaske, musamman Abu Simbel da aka yanka gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968 aka ɗaga shi sama don kada ruwan madatsar Aswan ya haɗiye shi. Amma Aswan ta haura kilomita 200 daga Luksor, Abu Simbel kuma wasu kusan 280 gaba, ana tashi tun kafin asuba. Jirgin ruwan da ke bi ta Edfu da Kom Ombo shi kaɗai kwana uku ko huɗu yake ci. Wannan tafiyar mai mako guda ce zuwa sama, wanda ya cusa ta cikin kwana huɗu hanya kawai zai gani.

Abubuwa biyu kuma sun shafi kowane zaɓi. Yawancin manyan wuraren nan sun daina karɓar tsabar kuɗi a wurin tikiti, sai kati, don haka ka gwada katinka a wani kanti tun kana Alƙahira, kada ka je bakin ƙofar Karnak ya ƙi. Ɗalibi ya riƙe katin makarantarsa, ana rage masa rabi. Kuma in ka zaɓi kudu, ka dawo Alƙahira kwana guda kafin jirginka na gida. Jiragen cikin ƙasa sukan sauya lokaci, na ƙasa kuma yakan makara, jirgin Kano kuwa ba zai jira ka ba.